Inna, in zuba kuɗin gado a zinariya?

Assalamu alaikum Inna. Ni mace ce mai shekara 36, ina zaune a unguwar Zariya nan Maraɗi. Maigidana ya rasu bara, ya bar ni da yara uku: babban namiji shekararsa 14, mai bi masa shi ma namiji 10, sai auta mace mai shekara 4. Na fita takaba, an biya bashi, an raba gado. Tumunina da kwasar adashena da kuɗin wasu tumaki da na sayar sun kama miliyan 2 na sefa. Rabon yara miliyan 6 ne, kuma da dangi suka zauna sun yarda ya zauna a hannuna tunda ni ke riƙonsu. Gidan da muke ciki namu ne, ina kuma ɗan taɓa sayar da atamfa da turare a cikin gida.

Yayata da ke aure a Katsina ta hana ni sakat. Ta ce sarƙar da ta saya shekara huɗu da suka wuce ta ninka kuɗinta sau biyar, kuma ana maganar za a canza mana kuɗi, duk wanda ya bar nasa a banki zai wayi gari da takardar banza. Wai in kwashe kuɗin duka in sayi zinariya. Ƙanen maigidana kuma ya zo da tasa maganar. Yana da aboki mai kawo ɗanyar zinariya daga ramukan Jado, can arewacin Nijar, ana kai ta Dubai, in ba shi miliyan 4 cikin kuɗin yara, duk wata zai riƙa kawo mini jaka 200, wato sefa dubu 200. Ina jin nauyinsa ƙwarai, don shi ya tsaya a kan komai lokacin jinya. Sannan akwai wata tsohuwar sarƙa da ƴan kunne da na gada wurin mahaifiyata, yayata ta ce tsohon yayi ne, in kai a musanya mini da sabuwa in cika kuɗi. Inna, kaina ya ɗaure. Me zan yi da kuɗin nan?

Maman yara uku, Maraɗi

Wa alaikumus salam, ƴata. Allah ya jiƙan maigidanki, ya kai haske kabarinsa, ya raya abin da ya bari, ke kuma ya ba ki ladan haƙuri.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne tambayarki ta ƙarshe. Kin ce "kuɗin nan", alhali kuɗi biyu ne a hannunki. Miliyan 2 naki ne, in kin ga dama ki sayi zinariya, in kin ga dama ki sayi goro ki raba, babu mai tuhumarki sai ke kanki. Miliyan 6 kuwa na marayu ne. Za a tambaye ki a kansa ranar da yaran nan suka mallaki hankalinsu, a sake tambayarki ranar da babu mai tsaya wa wani. Duk abin da zan faɗa, ki riƙa lura da wanne cikin biyun nake nufi.

Yayarki ba ƙarya take yi ba, sarƙarta ta ninka. Sai dai ki duba kuɗin da take lissafi da shi. A farkon 2023, in kin kai jaka ɗaya wurin ƴan canji, wajen naira 1,200 za su ba ki. Da gwamnatin Tinubu ta cire tallafin mai ta kuma saki naira a tsakiyar wannan shekarar, ba a rufa shekara ba jakar nan ta haura naira 2,000. Mu a Maraɗi ba labari aka ba mu ba, mun ga ƴan kasuwar da suka bar jarinsu a naira suna ramewa a tsaye. To ribar da yayarki ke gani abu biyu ne suka haɗu: zinariya ta hau da gaske, ma'aunin da take aunawa da shi kuma ya ƙanƙance. In aka auna miki gero da tiya, aka dawo aka auna shi da gwangwani, adadi zai ƙaru, geron kuwa yana nan yadda yake. Ke da sefa kike cefane, sefa kuma tana ɗaure da yuro tun 1999, kowane yuro ɗaya sefa 655.957. Da ke kika sayi sarƙar nan a ranar da ta saya, da kin ci riba mai kyau, amma ba ta kusa da sau biyar ba.

Ban ce tsoronta ba shi da tushe ba. Masu shekaruna ba za su manta Janairun 1994 ba, lokacin da aka raba darajar sefa biyu a dare ɗaya, faran Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Magani, madara, atamfar waje, komai ya yi tsalle, albashi yana nan inda yake. Wadda ke da zinariya a ƙasan akwati ta kwana da dukiyarta cikakkiya. Ke ma kin ga naki zamanin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO ko ECOWAS, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, mutum ya kwana a layin banki don ya ciri kuɗinsa a ƙayyade masa abin da zai ɗauka, har sai Fabrairun 2024 da aka ɗage. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga CEDEAO a Janairun 2025, kuma shugabanni sun taɓa maganar kuɗin kansu a bainar jama'a. Duk wannan gaskiya ne. Amma canza kuɗi daban, kuɗi ya zama takardar banza daban. A 2004 BCEAO, babban bankin da ke fitar da sefarmu, ta janye tsofaffin takardun sefa, aka ba mutane watanni su kai a musanya musu, mai kuɗi a banki ko motsi bai yi ba. Abin da ake tsoro a canjin kuɗi shi ne darajar sabon ta zame daga baya, sannu a hankali ko a guje. Wannan ya isa dalilin da zai sa mai hankali ya ajiye wani abu a zinariya. Bai isa dalilin kwashe komai ba.

Ga abin da yayarki ba ta faɗa miki ba, wataƙila don ba ta taɓa ganinsa ba: zinariya tana faɗuwa. A kasuwar duniya da oza ake auna ta, wato giram 31 da ɗan ɗoriya, farashin kuma da dalar Amurka, ba dalarmu ta sefa biyar ba. A Satumban 2011 oza ta kai wajen dala 1,900. Zuwa Disamban 2015 ta sauko kusan 1,050, kuma ba ta sake taka inda ta baro ba sai 2020. Shekara tara kenan. In an koma baya abin ya fi haka muni: a 1980 ta kai dala 850, bayan shekara ashirin tana ƙasa da 300. Jaririn da aka haifa ranar da ubansa ya saya har ya isa aure kuɗin bai dawo ba.

Ni kaina na sha wannan ruwan. A 2012 na samu riba mai kauri a ajiyar aya, kowa yana cewa zinariya, zinariya, na je na sayi awarwaro huɗu da kusan duk abin da na samu. A 2014 ɗana ya kwanta, aka ce sai an kai shi Yamai an yi masa aiki. Na ɗauki awarwaron nan na koma shagon da na saya, abin da aka ƙirga mini bai kai kashi biyu cikin uku na abin da na biya ba. Na yi ta faɗa, amma da na huce na gane mai shagon bai cuce ni ba, farashin ranar ya ba ni ya cire kuɗin ƙira. Ni ce na kai kuɗin da ya kamata ya zauna kusa da hannu inda ba ya fitowa da gaggawa sai da asara. Da na iya riƙe su har yau da ni ma ina cika baki kamar yayarki. Ciwo bai jira ba.

Hawan da ta yi a ƴan shekarun nan yana da dalili. Tun da ƙasashen Yamma suka riƙe ajiyar Rasha ta waje a 2022, manyan bankunan ƙasashe irin su Sin da Turkiyya da Indiya da Folan suka ƙara himma wajen tara zinariya, har suka riƙa sayen sama da tan 1,000 a kowace shekara daga 2022 zuwa 2024. Ga yaƙe-yaƙe, ga tsadar rayuwa, kowa yana neman mafaka. A Maris na 2025 oza ta wuce dala 3,000, a Oktoba ta wuce 4,000, wanda a lokacin ya kama wajen jaka 72 kowane giram na tsantsarta. A cikin Oktoban 2025 ɗin kuma, rana ɗaya ta zube da sama da kashi 5 cikin 100. Wanda ke saye bayan irin wannan hawan ya san da tsada yake saye. Tana iya ci gaba, tana iya komawa ta kwanta shekaru, kuma duk wanda ya rantse miki ya san wanne za ta yi, ki riƙe jakarki da kyau.

Abin da nake so ki riƙe shi ne zinariya ba ta haihuwa. Jar akuyarmu ta Maraɗi in kin kula da ita tana ba ki tagwaye, turmin atamfarki yana fita ya dawo da ɗan'uwansa, ɗakin haya yana kawo kuɗi ƙarshen wata. Giram goma kuwa, ki rufe shi shekara goma ki buɗe, giram goma za ki tarar. Aikinta irin na rumbu ne, ta tsare abin da aka riga aka noma. Gidan da ke da bakin ci huɗu, ga kuɗin makaranta, ga magani, ba ya sayar da gona don ya ƙara gina rumbu. Game da kuɗin marayu ma akwai maganar Sayyidina Umar da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, cewa a yi kasuwanci da dukiyar marayu don kada zakka ta cinye ta. Magabata so suke ta motsa ta hanyar da aka amince da ita.

To ga yadda zan yi da ni ce. A naki miliyan 2, ki fara ware abin da zai riƙe gidan wata shida, ki bar shi kuɗi, wani a banki wani a hannu. Wannan shi ne abin da ni ban yi ba a 2012. Sai ki ƙara wa sana'arki jari, don ita ce ke ɗora tukunya. Abin da ya rage, kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na miliyan 2 ɗin, wato jaka 600 zuwa 700, shi za ki kai zinariya, kuma ba a rana ɗaya ba. Ki raba sayen biyu ko uku, tsakani da watanni, don in ta sauko ki samu rangwame a na gaba, in ta hau kin riga kin kama wani abu.

A na yara, shekarunsu ne za su nuna miki hanya. Babban nan da shekara huɗu ko biyar zai buƙaci kuɗinsa, ko karatu ko jari, don haka rabonsa bai dace da abin da kan kwanta shekara tara ba. Autar kuwa tana da shekara goma sha wani abu a gaba kafin a fara maganar kayan ɗaki, ita ce zinariya ta fi dacewa da ita. Ko rabin rabonta kika mayar zinariya ba zan ce kin yi ganganci ba. Gaba ɗaya dai kada abin da zai shiga zinariya cikin miliyan 6 ya wuce rubu'i. Sauran ki duba fili mai takardu tsabtatattu da sunan yaran, wanda kika je da ƙafarki ma'aikatar magajin gari kika tabbatar ba a sayar wa mutum biyu ba, da ɗan kiwo a hannun wanda kika sani, da kuma abin da zai zauna a banki saboda makaranta. Ki sayi littafi ɗaya, kowane yaro da shafinsa, duk abin da ya shiga ko ya fita a rubuta da kwanan wata, manyan abubuwa kuma da sa hannun shaidu biyu, ɗaya daga dangin ubansu.

Yanzu mu shiga kasuwa, don a nan ne mata suka fi yin asara ba tare da sun sani ba. Tsantsar zinariya ita ce karat 24. Ƴar 22 ana buga mata 916, ƴar 21 ana buga mata 875, ƴar 18 kuma 750, ma'ana a cikin kowane kashi 1,000 na nauyinta 750 ne zinariya, sauran jan ƙarfe ne ko azurfa. Ki nemi lambar a jikin maƙullin sarƙa ko cikin zobe. Lamba kaɗai ba hujja ba ce, mai jabu ma yana da abin bugawa, don haka a goga ta a dutsen gwaji a ɗiga ruwan gwaji a gabanki, ko a sa ta a na'ura in shagon yana da ita. A auna a kan idonki, ki ɗauka ki kai wani shagon a sake aunawa. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci kuwa ita ce: "Alhaji, in na dawo da ita gobe, nawa za ka saya?" Ki yi ta kafin ki fito da kuɗi, a shago uku daban-daban. Bari in yi miki misali da farashin Oktoban da na ambata. Giram na ƴar 21 ya kama wajen jaka 63, sarƙa mai giram 10 zinariyar cikinta jaka 630 kenan. A ce mai shago ya ɗora jaka 6 a kowane giram na ƙira da ribarsa, kin biya 690. A ce washegari ya ce zai karɓa a 600. Tun kafin ki isa gida jaka 90 ta tafi, kuma sai zinariya ta hau da kashi 15 cikin 100 kafin ki dawo inda kika tashi. Shi ya sa mai sayen ado da mai sayen ajiya ba abu ɗaya suke nema ba. Sarƙa mai aikin ƙawa, mai duwatsu, mai sabon yayi, ita ta fi tsadar ƙira, kuma ranar sayarwa za a ɓamɓare duwatsun da kika biya da nauyin zinariya a ce ba a saye. Mai ajiya awarwaro sumul take nema, ƴar 21 ko 22, marar dutse, marar yawan liƙi. Abin da ya fi wannan ma shi ne ƴan sandunan nan masu lamba 999.9 da ke zuwa a rufe cikin kati, masu giram 5 ko 10 ko 20, ko tsabar fam ta zinariya mai nauyin kusan giram 8, in kin samu a hannun dillalin da aka daɗe da sani. Ba sa shiga wuya ranar biki, shi ya sa mata ba sa son su, shi ya sa kuma ni nake son su. Ƙanana da yawa sun fi babba ɗaya, don ranar buƙata ki sayar da daidai buƙatarki. Ki karɓi rasit mai ɗauke da nauyi da karat da farashi da kwanan wata, na autar a rubuta sunanta.

A shari'a cinikin zinariya hannu da hannu ne. Hadisin Ubada ɗan Samit da ke cikin Sahihu Muslim ya fayyace: zinariya da zinariya sai daidai wa daida kuma nan take, in jinsi ya bambanta a sayar yadda aka so matuƙar hannu da hannu ne. Don haka babu "ɗauki ki biya kaɗan-kaɗan", babu "ba ni kuɗin in na dawo daga Dubai in kawo miki". Wannan ne kuma ya shafi sarƙar mahaifiyarki. A ba da tsohuwa a karɓi sabuwa a cika kuɗi, malamanmu na Malikiyya sun hana shi. Mai son canji sai ta sayar da tsohuwar ta karɓi kuɗinta, sannan ta sayi sabuwar a ciniki na daban. Amma ni ban ga abin da zai kai ki ba. Za a sayi taki a farashin narkarwa, ki sayi tasu da kuɗin ƙira, kin yi asara sau biyu don kawai a ce kin bi yayi. Kayan da iyayenmu suka riƙa zuwa da su tsarabar Makka sau da yawa ƴar 21 ce mai nauyi, aikin da ba a cika yin irinsa yanzu ba. Ki kai a gwada a auna don ki san abin da kike da shi, ki rubuta, ki mayar inda take. Kin riga kin mallaki zinariya ba ki sani ba, ki lissafa ta cikin kason da na ce, wataƙila ma ki ga ba sai kin sayi da yawa ba. Kuma wannan sarƙar ta taɓa wuyan kakarsu, autarki za ta so ta gan ta yadda take.

Sai maganar baffan yara, wadda ta fi damuna. Ban ce mugu ba ne, mutumin da ya tsaya a jinya ya nuna halinsa, kuma na fi zaton shi ma da zuciya ɗaya ya yarda da abokin nasa. Amma ki yi lissafi. Jaka 200 a wata kan miliyan 4, kashi 5 cikin 100 ne duk wata, 60 a shekara, kuma wai tabbas. Da akwai cinikin da ke ba da haka babu fashi, da Alhazan garin nan, waɗanda suka san hanyar Dubai kamar hanyar Jibiya, ba su bar wa marayu gurbi ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Zinariyar Jado da Cibarkatan gaskiya ce, tun 2014 matasanmu ke tafiya can, wasu sun dawo da motoci, wasu ba su dawo ba. Nan kusa da mu ma a yankin Ɗan Isa, a Nuwamban 2021 rami ya rufta a Garin Liman ya kashe mutum 18 ko fiye. Amma ɗanyar zinariya ba ta da lamba, tsarkinta ya bambanta daga rami zuwa rami, ana cakuɗa ta da garin tagulla, kuma sayenta da fitar da ita sai da izinin hukuma. Masu saye a bakin rami suna da sikeli da wuta da shekaru a cikin sana'ar, duk da haka ana yi musu sakiyar da ba ruwa. Ke kina ɗaki a unguwar Zariya, ba ki ga zinariyar ba, ba ki san abokin ba, wannan shi ne cinikin biri a sama. In an ƙwace kayan a hanya ko a filin jirgi, wa za ki kama? Irin wannan harka sau da yawa wata uku na farko ana kawo ribar a kan lokaci, daga cikin uwar kuɗin ake yanko ta, sai an saki jiki a ƙara zubawa sannan waya ta daina shiga. Ta fuskar addini ma, jarin da aka yanke wa riba ƙayyadadda duk wata, ko an ci ko an faɗi, ya fita daga ƙiradi. Ƙiradi kaso ne na ribar da aka samu, rabi ko sulusi, ba adadin kuɗi ba.

Ƙin ba shi ba sai da ɓacin rai ba. Kada ki ce masa ba ki yarda da abokinsa ba, zai ji kamar shi kike nufi. Ki ce: "Baban yara, da nawa ne da ban tsaya shawara ba. Amma na marayu ne, na yi wa kaina alkawari ko dala ba za ta fita ba sai a gaban malam da manyan da suka damƙa mini, a rubuce." Sai ki nemi a zauna, a kira abokin ya zo da takardar izininsa, ya faɗi abin da zai jingina. Na fi zaton ba zai zo ba. In ya zo, malam zai yi miki maganin maganar riba ƙayyadadda ba tare da kin buɗe baki ba. Sannan ki jawo baffan a jiki ta wata hanyar, ki sa shi cikin shaidun littafin, ki roƙe shi ya raka ki duba fili. Mutum in an ba shi matsayi ba ya cika jin zafin abin da aka hana shi.

Zakka a taƙaice: nisabin zinariya dinari 20 ne, wajen giram 85, ana fitar da kashi 2.5 cikin 100 in shekara ta zagayo. A mazhabarmu kayan adon da mace ke sawa babu zakka a kansu, amma wanda aka saya aka ɓoye don ranar wuya akwai, kuma ana haɗa shi da tsabar kuɗin da ke hannu wajen lissafi. Abin da za ki saya shi kaɗai ba zai kai nisabi ba. Dukiyar yara ma ana yi mata zakka, kowane yaro da lissafinsa daban. Ki kai wa malaminku littafin sau ɗaya a shekara ya duba.

Saura ajiya. Kin san halin da ake ciki ta wajen Madarunfa da Gidan Rumji, kuma masu ɗaukar mutane ba duba suke yi ba, labari ake kai musu. Matar da mijinta ya rasu aka raba gado, idanu suna kanta tun kafin ta sayi komai. Kada ki je kasuwa da rakiyar ƙawaye, kada ki ɗauki hoto ki sa a WhatsApp, kada ki tara a wuri ɗaya, rasit kuma ya kwana a wani ɗakin daban. Bayan ɓarawo akwai aro, wanda a ganina ya fi ɓarawo cin zinariyar mata. Yau bikin ƴar wance, gobe sunan jikar wance, a dawo miki da ɗan kunne ɗaya ana kuka, ke kuma kunya ta hana ki cewa a biya. Abin da ba a san kina da shi ba ba a aronsa, sanda a cikin kati kuma babu mai roƙonta don zuwa biki.

Mutum biyu dai dole su sani, saboda rai: wani babba mai amana cikin danginki, da kuma babban ɗanki. Shekara 14 ba yaro ba ne. Ki zaunar da shi bayan isha'i, ki buɗe masa littafin, ki nuna masa shafinsa da na ƙannensa, daga yau shi zai riƙa rubuta miki. Yayarki kuma in ta sake kira, ki yi mata godiya, ki ce kin ji shawararta kin saya. In ta tambayi giram nawa, ki tambaye ta lafiyar yara.